Hani ne ko ɗaga shekaru? Yadda fim kan launin fata ke isa ƙaramin silima a Birtaniya

A watan Fabrairun 2024 labari ya bazu cewa hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, ta taɓa Mary Poppins, tsohon fim ɗin yara na 1964, saboda wata kalmar wariyar launin fata da ke cikinsa. Kafin a ce kwabo, wasu sun fara yaɗa cewa an hana fim ɗin, wasu kuma suka ce an datse shi. Ko ɗaya bai faru ba. An ɗaga matakinsa ne daga U, wanda ke nufin ya dace da kowa, zuwa PG, wanda ke jan hankalin iyaye cewa akwai abin lura a ciki. Ba a cire ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma canjin ya tsaya ga wanda za a haska a silima, na faifan gida yana nan a matakinsa na da. Kalmar da ta jawo hakan wani tsohon laƙabi ne na ƙasƙanci da Turawa suka riƙa kiran mutanen Khoikhoi na kudancin Afirka da shi, kuma sau biyu aka furta ta a fim ɗin.

Irin wannan ruɗani yakan dawo duk lokacin da fim ya taɓo launin fata. Wurin da ya fi sauƙin gane yadda abin ke tafiya shi ne ƙaramin silima na unguwa, domin a nan ne irin waɗannan fina-finai suka fi samun wurin zama, a nan ne kuma ake iya ganin hannun kowa: mai tacewa, ƙaramar hukuma, da dillalin fim.

Kalmomin da ake cakuɗawa

A dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, abin da muke fassarawa da "launin fata" ya fi fatar jiki faɗi. Ya haɗa da launi, da ƙasar da mutum yake ɗan ƙasarta, da ƙabila ko tushen da ya fito. Ɗan Poland farar fata da aka wulaƙanta saboda ƙasarsa yana cikin wannan kariya, kamar yadda ɗan Jamaika baƙar fata yake ciki.

Batun asali kuwa, ko sanin kai, tambaya ce da doka ba ta amsa ta: ni ɗan ina ne? Yaron da aka haifa a Birmingham, iyayensa 'yan Pakistan ko Najeriya, a makaranta ana tambayarsa daga ina ya zo, in ya je garin iyayensa kuma a kira shi Bature. Yawancin fina-finan da ake magana a kansu a wannan tsaka mai wuya suke zaune.

Shi ma ƙaramin silima iri biyu ne. Akwai mai zaman kansa, mai allo ɗaya zuwa uku da ma'aikata masu albashi, irin Rio a unguwar Dalston ta Landan ko Watershed a Bristol. Akwai kuma na 'yan sa-kai, wanda ake kafa allo a zauren taro ko ɗakin karatu sau ɗaya a mako ko a wata, a jera kujerun roba, a kwashe bayan an tashi. Lasisinsu da lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Wa ke da ikon cewa a haska?

Wanda ya shiga silima a Birtaniya zai ga wani baƙin kati ya bayyana a allo na 'yan daƙiƙu kafin fim ya fara. A kansa akwai sunan fim ɗin, da alamar shekaru, da gajeren bayani kamar "kalaman wariya" ko "tashin hankali". Wannan shi ne aikin BBFC, wadda aka kafa tun 1912. Matakanta na silima su ne U, PG, 12A, 15 da 18. A 12A, yaron da bai kai shekara 12 ba zai iya shiga idan babba ya rako shi. A 15 da 18 kuwa babu rakiya, ko mahaifi ne ya kawo yaro za a mayar da shi daga ƙofa.

A ƙarshen 2021 hukumar ta fitar da sakamakon wani bincike kan wariya, ta kuma tsananta a wuri guda: fim ɗin da aka furta mummunar kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita ba zai sauka ƙasa da 12A ba, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, kamar shirin tarihi mai ilmantar da yara. Sannan a 2024 ta sabunta ƙa'idojinta gaba ɗaya bayan jin ra'ayin mutane kimanin 12,000. Abin da masu tacewa ke dubawa ya wuce ƙirga kalmomi. Wa ya furta, ga wa, fim ɗin ya nuna abin a matsayin laifi ko ya mayar da shi abin dariya, kuma yaro zai iya ɗauka ya maimaita a filin wasa? Wannan tambaya ta ƙarshe ce ta kama Mary Poppins, domin an furta kalmar cikin raha, babu wanda ya tsawata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a silima, hukuncin BBFC shawara ce. Ikon doka yana hannun ƙaramar hukuma, wadda ke ba gidan lasisi, a Ingila da Wales ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003. Kusan kullum ƙananan hukumomi bin shawarar suke yi, amma suna iya ƙi. Misalin da ya dace da wannan batu shi ne This Is England, fim kan yadda 'yan wariya suka ja wani yaro cikin ƙungiyarsu a farkon shekarun 1980. Da ya fito a 2007 BBFC ta ba shi 18 saboda duka da zagin wariya. Majalisar birnin Bristol da wasu 'yan kaɗan suka sauke shi zuwa 15, bisa hujjar cewa matasan da fim ɗin ke gargaɗi su ne aka kulle wa ƙofa. Fim ɗaya, mako ɗaya, ɗan shekara 16 ya kalla a wani gari, a wani garin an hana shi.

Wannan iko yana da amfani na yau da kullum ga ƙananan gidaje. Fina-finai da yawa daga Afirka, Karebiyan ko Asiya ba su taɓa zuwa gaban BBFC ba, saboda kuɗin tacewa ya fi ƙarfin haskawar dare ɗaya. Ƙungiyar Hausawa a Manchester da ke son nuna wa jama'a fim ɗin Kannywood da ba shi da shaidar BBFC za ta kai shi ne ga sashen lasisi na ƙaramar hukuma, tare da fassarar Turanci a ƙasan allo, jami'ai su kalla su sa masa shekaru. Hukumomi da dama suna neman a kawo shi aƙalla kwana 28 kafin ranar, kuma hukuncin a yankinsu kaɗai yake aiki. Wanda ya buga fosta kafin wannan mataki yakan kwana da asara.

Tun 2015 an sassauta wa 'yan sa-kai: idan a zauren al'umma ne, ba don riba ba, 'yan kallo ba su wuce 500 ba, kuma tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare, ba a buƙatar lasisin nishaɗi. Amma dokar shekaru tana nan, izinin mai fim ma yana nan. Faifan da aka saya a kanti na kallon gida ne, haska shi ga jama'a sai da lasisi dabam.

Lissafin da ke yanke hukunci

Yawancin fina-finan da ba su kai allo ba, babu wanda ya hana su. Lissafi ne ya kayar da su.

Silima ba ya sayen fim, haya yake yi daga kamfanin rarrabawa, kuma ana biyan hayar da kaso daga kuɗin tikiti. Sabon fim na babban kamfani a makon farko yakan ci rabin kuɗin ko fiye, kuma dillalin yakan gindaya sharaɗin a ba shi kusan duk lokutan haskawa na mako biyu ko fiye. Ga gida mai allo goma sha biyu wannan ba komai ba ne. Ga mai allo ɗaya, amsa wannan sharaɗi na nufin babu wani fim da zai shiga har lokacin ya cika. Shi ya sa ƙananan gidaje sukan jira 'yan makonni, kason ya sauko wajen 35 cikin 100, su kuma samu 'yancin haɗa shi da wasu.

Sai dai kason yana da ƙasan da ba ya wucewa. Yarjejeniyar takan ce kashi 35 cikin 100 ko wani tsayayyen kuɗi, wanda ya fi yawa a cikinsu. Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don bayani: zaure mai kujera 80, tikiti fam 8, mafi ƙarancin haya fam 100. Idan mutum 50 suka zo, an tara fam 400. Gidan da ke biyan harajin VAT na kashi 20 zai cire kusan fam 67, ya rage 333. Dillali ya ɗauki kusan 117, gida ya tashi da kimanin 216, daga ciki zai biya ma'aikata, wuta, ɗumama zaure da haƙƙin kiɗan da ke cikin fim. Idan kuwa mutum 12 suka zo, fam 96 aka tara, kuɗin haya kaɗai ya cinye har da ciko. In an gayyato mai jawabi bayan fim, kuɗin jirgin ƙasansa ma daga nan zai fito. Shayi da guggurun da ake sayarwa a bakin ƙofa su ne sau da yawa ke rufe ramin, domin dillali ba shi da kaso a ciki.

Makon silima yana farawa Juma'a ya ƙare Alhamis. Ranar Litinin da safe masu tsara jadawali sukan zauna da alƙaluman kwana uku na ƙarshen mako, su yanke wanda zai zarce da wanda za a sauke. Fim ɗin da ba shi da kuɗin talla, wanda ya dogara da wani ya gaya wa wani, bai cika tsallake wannan Litinin a manyan gidaje ba. Mutanen da aka yi shi dominsu sukan ji labarinsa bayan an riga an sauke shi.

A nan yawan jama'a ke shigowa. Ƙidayar 2021 ta nuna baƙaƙen fata kashi 4 cikin 100 ne na mutanen Ingila da Wales, wajen miliyan 2.4, 'yan asalin Asiya kuma kashi 9.3. A Landan baƙaƙen fata sun kai kashi 13.5. Dillalan da suka ɗauka cewa fim kan baƙar fata baƙar fata kaɗai zai kalla sukan kai shi Landan, Birmingham da Manchester su tsaya. Masu tsara jadawali a ƙananan gidaje sun daɗe suna musun wannan zato, suna cewa zato ne mai tabbatar da kansa: ba a kai fim ƙauye ba, sai a ce ƙauye ba ya so.

Tallafin da ke rage kasadar yana zuwa ne daga Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, BFI, wadda ke raba kuɗin cacar ƙasa ta hanyar cibiyoyin yanki guda takwas. Gida zai iya neman ɗan kuɗi don talla, mai jawabi ko rage farashin tikiti. Ƙungiyar Cinema For All kuma tana taimaka wa 'yan sa-kai da shawara da lasisi mai sauƙi.

Abin da ke lalacewa ranar haskawa

Fim yana zuwa ne a matsayin babban fayil da ake kira DCP, wanda yakan haura gigabait 100, a kan rumbun kwamfuta ko ta intanet. A kulle yake. Mabuɗinsa, KDM, wani ɗan ƙaramin fayil ne da aka ɗaure da lambar na'urar zaure guda, kuma yana aiki ne daga wata sa'a zuwa wata sa'a. Idan aka mayar da fim daga zaure na ɗaya zuwa na biyu saboda tikiti ya ƙare, mabuɗin ba zai buɗe ba. Idan ƙaramin dillali daga wata ƙasa ya rubuta sa'a da agogon garinsu, zai iya ƙarewa kafin a fara. Da ƙarfe bakwai na yammacin Asabar, mutane zaune da tikiti a hannu, ofishin dillali a rufe, babu mai aiko sabo.

Fina-finan da ba na Turanci ba suna da nasu tarkon: fassarar ƙasan allo takan zo a wani fayil na daban, kuma a kan loda uwar fim ɗin a manta da shi. Maganin duka ɗaya ne, a loda fim kwana biyu ko uku kafin ranar, a kunna shi a zauren da za a haska, a duba hoto, sauti da fassara, a kuma ajiye faifan Blu-ray idan dillali ya yarda.

Tsofaffin fina-finai kuwa matsalarsu mai haƙƙi ce. Kamfanin da ya yi fim a 1970 ya rushe, an sayar da kadarorinsa sau uku, ko magada ba su daidaita ba. Akwai fina-finan Afirka da na Karebiyan da kwafinsu ke nan lafiya a rumbun adana tarihi, amma babu wanda zai sa hannu a kan izini.

Tushen ƙorafin

Zargin da baƙaƙen fata ke yi wa harkar silima a Birtaniya yana da tarihi. Pressure, wanda Horace Ové ɗan asalin Trinidad ya shirya a tsakiyar shekarun 1970, ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da baƙar fata ya ba da umarni a ƙasar. Labarin wani yaro ne haifaffen Landan da ya gama makaranta ya kasa samun aiki. Fim ɗin ya shafe fiye da shekara biyu a ajiye, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne yadda ya nuna zaluncin 'yan sanda. Sai a 2023, shekarar da Ové ya rasu, aka sake fito da shi bayan an gyara kwafinsa. Babylon na 1980, kan matasa masu kiɗan rege a kudancin Landan, an ba shi tsohuwar alamar X wadda ta hana 'yan ƙasa da 18 shiga, bai kuma samu fita a silimomin Amurka ba sai 2019.

A 2016 BFI ta duba fina-finan Birtaniya 1,172 na shekara goma, ta gano kashi 59 cikin 100 ba su da baƙar fata ko ɗaya a rawar da ke da suna. Waɗanda suka ba baƙar fata jagoranci kuma sun fi karkata ga bauta, mulkin mallaka, wariya da 'yan daba.

Sai rikicin Blue Story a Nuwamban 2019. Fim ne kan abokai biyu da faɗan unguwanni ya raba a kudancin Landan, mai alamar 15. Kwana ɗaya da fitowarsa faɗa ya ɓarke tsakanin matasa a wani babban silima a Birmingham, aka ga adduna, 'yan sanda bakwai suka ji rauni. Kamfanin Vue, mai wannan silima, ya sauke fim ɗin daga duk gidajensa, yana cewa an samu manyan hatsaniya 25 a gidaje 16 cikin sa'o'i 24, kuma tsaron ma'aikata da 'yan kallo ya duba. 'Yan sanda sun ce ba su nemi a sauke shi ba. Masu suka suka ce an hukunta fim ne saboda irin mutanen da ke kallonsa, tunda an sha samun tashin hankali a lokacin wasu fina-finai ba a sauke su ba. Cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi tare da ƙarin masu gadi. Babu hannun BBFC ko ƙaramar hukuma a wannan, shawarar kamfani ce, kuma ita ce mafi kusa da abin da za a kira hani.

Inda ake saɓani

Kan tsofaffin fina-finan da ke ɗauke da wariyar zamaninsu, ra'ayi uku ne. Wasu na cewa a bar su yadda suke, babba ya san fim ɗin 1939 ba na yau ba ne, gargaɗi raini ne ga hankalinsa. Wasu na cewa gidan unguwa ba dole ne ya karɓi kuɗin maƙwabtansa ya nuna musu abin da ke ƙasƙantar da su ba. Na tsakiya, wanda yawancin ƙananan gidaje suka ɗauka, shi ne a haska fim cikakke, amma wani ya tsaya minti biyar kafin a fara ya faɗi lokacin da aka yi shi da abin da za a gani. Haka dandalin HBO Max ya yi da Gone with the Wind a 2020: ya sauke shi na ɗan lokaci, ya dawo da shi da gabatarwar wata masaniyar tarihin fim.

Saɓani na biyu a cikin gida yake. Oktoba ne watan tarihin baƙar fata a Birtaniya tun 1987, kuma a watan ne jadawali ke cika da irin waɗannan fina-finai. Masu goyon baya na cewa a lokacin ne tallafi, makarantu da jaridu ke waiwayowa. Masu suka na cewa hakan ya zama hanyar sauke nauyi, wata goma sha ɗaya shiru. Da wannan ake haɗa ƙorafin cewa an cika nuna baƙar fata cikin azaba, alhali akwai soyayya, barkwanci da rigimar gado kamar kowa.

Akwai kuma ƙa'idojin bambancin jama'a da BFI ta sa wa masu neman kuɗinta, waɗanda ke duba waɗanda ke gaban kyamara, waɗanda ke bayanta, horar da sababbi da kuma 'yan kallon da ake nema. Wani ɓangare na ganin shisshigi ne a harkar fasaha. Wani ɓangaren na ganin sun yi sako-sako, tunda ana iya cika su ta wasu fannoni ba tare da an taɓa launin fata ba. Batun keɓe dare don baƙaƙen fata, wanda ya tayar da ƙura a gidan wasan kwaikwayo na Landan a 2024 har fadar firaminista ta soki shirin, doka ta riga ta iyakance shi: ana iya gayyatar wasu mutane musamman, amma ba a iya mayar da mai tikiti saboda launinsa.

Abin da ya shafi mai sayen tikiti

Ga iyaye, bambancin PG da 12A shi ne rakiya, bambancin 12A da 15 kuma ƙofa ce a rufe. Matashin da fuskarsa ba ta nuna shekarunsa ba ya tafi da katin shaida. Shafin BBFC yana da cikakken bayanin abin da ke cikin kowane fim da ta tace, kyauta, kuma ya fi 'yan kalmomin da ke kan kati amfani. Malamin da ke son kai 'yan aji su kalli fim mai alamar 15 alhali wasunsu 'yan 14 ne, hanyarsa ita ce gidan silima ya nemi ƙaramar hukuma ta sassauta don wannan haskawa, takardar izinin iyaye ba ta wadatar ba.

Ga mai son ganin wani fim a garinsu, tikitin da aka saya tun kafin ranar ya fi nauyi a idon mai tsara jadawali, saboda shi ne ke nuna masa ko zai haye mafi ƙarancin haya. Ƙungiyar da ta zo da alƙawarin mutum 30 takan samu dare, wani lokaci ta hanyar hayar zauren gaba ɗaya, ita ta ɗauki riba ko asara. Jadawalin irin waɗannan lokuta na musamman akan rufe shi wata biyu zuwa uku kafin lokaci, don haka mai neman gurbi a Oktoba tun Yuli ya kamata ya je.